Fankar Silin Ba Ta Sauya Iskar Ɗaki

Sharhinmu na yau a kan iska yake, iskar da muke shaƙa a cikin gini, da kuma wata na'ura mai sauƙin ƙira da ya kamata magina da mahukunta a Maiduguri su san ta fiye da yadda suka sani.

Maiduguri gari ne da ake ta sake ginawa. Shekarun rikici sun turo ɗimbin jama'a daga ƙananan hukumomi zuwa cikin birni, unguwanni suka cika suka batse. Ranar 26 ga Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday, aka sake gina ta. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da kewayen fadar Shehu, ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Bayan kowace masifa sai aiki ya tashi: makarantu, asibitoci, rukunin shaguna, gidaje. Wanda ya taɓa zama kusa da masu lissafin gini ya san abin da ake ƙirgawa, wato buhun siminti, rodi, bandir na kwano, tayil da fenti. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne ta ina iska za ta shigo, ta ina kuma za ta fita. Idan an tuna da ita, sai a ce a rataya fankar silin huɗu ko shida, a ɗauka an gama. A ganina wannan kuskure ne mai tsada, domin kaɗa iska daban, sauya iska daban, kuma akwai gine-ginen da rayukan mutane suka rataya a kan na biyun.

Fankar silin ba ta kawo sabuwar iska, ba ta kuma fitar da tsohuwa. Iskar da ta tarar a ɗaki ita take juyawa. Amfaninta shi ne ta busar da gumi a jiki mutum ya ji sanyi-sanyi, kuma wannan amfani ne na gaske da babu mai raina shi. Amma idan iskar ɗakin tana ɗauke da hayaƙi, ko garin dusa, ko ƙwayoyin cutar da mai tari ya fitar, to fankar rarraba su take yi ga kowa daidai wa daida. Ko a wajen sanyaya jiki ma tana da iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a yi amfani da fanka ne idan zafi bai kai digiri 40 ba, domin idan ya wuce haka iskar da take turowa ɗumama jiki take yi. Duk mazaunin Maiduguri ya san cewa a watan Afrilu da Mayu zafin rana yana haura wannan mizani kwana da kwanaki, kuma ɗakin da ke ƙarƙashin kwano, babu mafitar zafi a sama, yakan fi waje muni da la'asar.

Fankoki iri biyu ne manya. Akwai wadda ke ɗebo iska daga bayanta ta tura gabanta a miƙe, irin ta silin da ta tsaye da ƙaramar nan da ake maƙalawa a bangon banɗaki. Akwai kuma wadda makanikai da maƙera ke kira bulowa, mai gida irin na katantanwa. Wanda yake son ganin ta biyun da idonsa ba sai ya je wata babbar masana'anta ba. Ya tsaya wurin masu narka alminiyam suna zuba tukwane, ko maƙerin da ya ajiye zuga-zugin fata. Zai ga yaro zaune yana juya tsohon gargaren keke da hannu, an ɗaura masa igiyar roba da ta sauka kan wani ƙaramin kasko na ƙarfe a ƙasa. A cikin kaskon akwai faifai mai 'yan fukafukai. Iska tana shiga ta wata kafa a tsakiyar gefen kaskon, tana fita ta bututun da aka binne zuwa ƙarƙashin gawayi, kuma da yaron ya ƙara hannu sai ka ga gawayin ya tashi daga ja zuwa fari-fari. Wannan ita ce na'urar da muke magana a kai, babu ragi. Abin da ke faruwa a ciki shi ne fukafukan suna kama iskar da ta shigo ta tsakiya su juya da ita, juyin kuma ya wurga ta waje zuwa baki, kamar yadda majaujawa ke wurga dutse. Gidan da ke kewaye da faifan an yi shi da gangan yana buɗewa a hankali, matsattse a farko, mai faɗi a ƙarshe, don ya tattara iskar da aka wurgo ta kowane ɓangare, ya rage mata gudu, gudun nan ya koma ƙarfin turi. Shi ya sa iska ke shiga ta gefe ta fita ta wata fuska dabam, kuma tana fita da ƙarfin da za ta iya ratsa tulin gawayi.

Wannan ƙarfin turi shi ne duk sirrin. Fanka mai tura iska a miƙe tana kwasar iska mai yawa muddin babu abin da ya tare mata hanya. Da zarar an sa ƙaramar irinta a bakin dogon bututu mai lanƙwasa biyu ko uku, ko aka sa mata matatar ƙura a gaba, sai ta yi ta juyi da ƙara, abin da ke fita a ɗaya bakin kuwa bai taka kara ya karya ba. Bulowa ita aka yi domin irin wannan wuri. Ita ce ke cikin mota tana turo iska ta ramukan gaban direba, ita ce ke cikin tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki ta taga, ita ce ke cikin injin casar shinkafa tana raba ɓuntu da tsaba. Fukafukanta ma iri-iri ne, kuma zaɓen da aka yi ba daidai ba yana kashe aiki. Mai ƙananan fukafukai masu yawa da suka karkata gaba ba ta da ƙara, ta dace da iska mai tsabta, amma ƙura da maiƙo suna cika mata lunguna nan da nan. Mai fukafukan da suka karkata baya ta fi kowace tattalin wuta, ita ake so a manyan gine-gine. Mai miƙaƙƙun fukafukai kuwa ta fi cin wuta da ƙara, sai dai ƙura ba ta maƙale mata, don haka ita ce ta wurin niƙa da wurin yankan katako.

Ba sabon abu ba ne a duniya. Tun a wani littafinsa da aka wallafa a 1556, wani masanin ma'adinai Bajamushe, Georgius Agricola, ya zana irin waɗannan fankoki da ake juyawa da hannu ana tura wa mahaƙa iska cikin rami. A 1862 injiniya Guibal ya yi rajistar tasa ƙirar a Beljiyam, mai gidan da ke tattara iska, ta bazu a ramukan haƙar kwal na Turai. Dalilinsu ɗaya ne: a ƙarƙashin ƙasa babu taga, kuma wanda bai sami sabuwar iska ba mutuwa zai yi. Gine-ginen da muke yi yanzu, masu zurfin ciki, masu ɗakuna a tsakiya da babu bangon da ya kalli waje, sun fi kama da wannan hali fiye da yadda muke son yarda.

A fara da asibiti, domin a nan maganar ta fi nauyi. Tarin fuka ta iska yake yaɗuwa, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi fama da shi a duniya. Ƙyanda, wadda ta sha kwantar da yara a Maiduguri, ƙwayar cutarta tana iya zama a iskar ɗaki har kusan awa 2 bayan mai ita ya fita. Ma'aunin da ake bi a duniya ga ɗakin keɓe mai irin waɗannan cututtuka shi ne a sauya iskar ɗakin gaba ɗaya sau 12 a kowace awa, kuma a riƙa zuƙe iska daga ɗakin fiye da yadda ake tura masa, domin idan an buɗe ƙofa iska ta shigo daga baranda, kada ta ɗakin ta fita zuwa kan masu jinya da ke zaune a waje. Gwajin wannan ba ya buƙatar na'ura. A riƙe ɗan siririn tishu a ƙasan ƙofa rufaffiya: idan ya karkata zuwa cikin ɗaki, aiki yana tafiya, idan ya tsaya cak ko ya karkato waje, to sunan ɗakin keɓewa kawai yake ɗauke da shi. Babu adadin fankar silin da zai sa wannan tishu ya karkata ciki. Sai an sami abin da ke jan iska ta bututu ya kai ta saman rufi, nesa da tagogin sauran ɗakuna. Haka ɗakin tiyata, inda ake son akasin haka, a tura iskar da aka tace ciki don kada ta waje ta kutso. Haka ɗakin gwaje-gwaje inda ake buɗe kwalaben majina.

Daga asibiti sai wuraren neman abinci. Gidan burodi da ke hura tanda da itace, ɗakin girki na makarantar kwana, wurin bandar kifi, rumfar mai niƙa da ke fitowa da yamma fari fat har gashin ido, shagon fentin mota, duk wuraren da ake ƙirƙirar hayaƙi ko ƙura ne a wuri guda sananne. Dabara a nan ita ce a kama ƙazantar tun daga inda take tashi, a ɗora mata rumfar kwano a kai, a ja ta da bututu, kafin ta bi ta gaban hancin ma'aikaci. Mai niƙa da ya shekara goma yana shaƙar garin hatsi da barkono ba ya zuwa asibiti ya ce iska ce ta cuce shi, cewa yake ƙirji ne ke damunsa. Sai kuma kasuwa. Layukan shaguna masu rufi a sama, da janareto a lungu-lungu, tarko ne na iskar nan mai guba da injin ke fitarwa, wadda ba ta da wari ba ta da launi, wadda ta sha kashe iyalai cikin barci a sassan ƙasar nan. Idan kuma gobara ta tashi, masu aikin kashe wuta a ko'ina sun san hayaƙi yakan riga harshen wuta kai mutum ƙasa. Garin da ya ga abin da ya gani a Fabrairun 2023 bai kamata ya sake amincewa da zanen kasuwa mai rufi ba tare da an nuna masa hanyar da hayaƙi zai bi ba.

To, akwai masu ja da wannan magana, kuma wasu hujjojinsu suna da ƙarfi. Na farko zai ce: a buɗe taga mana, iskar Allah kyauta ce. Gaskiyarsa ta fi rabi. Wani bincike da aka yi a asibitocin birnin Lima na ƙasar Peru, aka wallafa a 2007, ya gano cewa tsofaffin ɗakunan jinya masu dogon rufi da manyan tagogi suna sauya iska kusan sau 40 a awa idan an buɗe ƙofa da taga, wato sun ninka abin da ake nema daga na'ura. Saboda haka duk inda za a iya yin taga biyu masu kallon juna, da rufi mai tsawo, da inuwar darbejiya a waje kamar yadda magabata suka ƙawata titunan garin nan, to a yi haka, kuma shi ne ya kamata ya zama matakin farko a aji da ɗakin jinya na gama-gari. Amma taga tana aiki ne idan tana buɗe kuma iska tana kaɗawa. A Maiduguri ana rufe ta saboda hazo da ƙurar hunturu, ana rufe ta saboda sanyin dare a Disamba da Janairu, ana rufe ta saboda sauro da damina, ana rufe ta saboda ɓarayi. A tsakiyar bazara kuma akwai ranakun da ko ganye ba ya motsi. Sannan taga ba ta da iko a kan inda iska za ta nufa; yau ta fitar da ita waje, gobe ta tura ta baranda. Inda kuskuren alkibla zai iya sa wa mai jinya cuta, ba a barin abin a hannun sa'a.

Na biyu zai ce: da wace wutar? Wannan tambaya ce ta wanda ya ɗanɗana. A Janairun 2021 aka fasa turakun layin da ke kawo wuta daga Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu, kuma ko bayan tashar gas mai megawat 50 da kamfanin NNPC ya gina aka ƙaddamar a Maris 2023, babu mai cewa matsalar ta ƙare. Amma a yi lissafi kafin a yanke hukunci. Ɗaki mai faɗin mita 4, tsawon mita 4, tsayin mita 3, yana ɗaukar iska kubik mita 48. A sauya ta sau 12, ya zama 576 a awa. Bulowa mai kyau da bututu mai wadataccen faɗi za ta yi wannan aiki da wutar da ke kusa da wat 100, abin da faifan sola guda na zamani yake bayarwa har da rara da rana, batir kuma ya riƙe dare. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi tana cin wajen ninki goma na wannan. Akwai kuma wata ƙa'ida da injiniyoyi suka sani wadda ke taimakon mai ƙaramin ƙarfi: wutar da fanka ke ci tana hawa da sauka fiye da gudunta nesa ba kusa ba. Idan ka ninka gudun sau 2, iska ta ninku sau 2, amma wuta ta ninku sau 8. Idan ka rage gudun da kashi 20 cikin 100, wutar ta sauko kusan rabi. Ma'ana, babbar fanka mai tafiya a hankali ta fi ƙarama mai ihu araha a kan lokaci. Haka bututu: wanda ya rage faɗinsa da rabi don tsimin kwano, ya ƙara wa iskar wahalar wucewa kusan sau 30, kuma shi zai biya wannan da man janareto har ranar da aka rushe ginin.

Na uku zai ce: mun san halinmu, za a kafa a yi biki, bayan shekara ta tsaya. Wannan ita ce hujjar da ta fi damuna, domin ƙurar Borno ba ta wasa. Matata takan toshe cikin makonni a lokacin hunturu, bel yakan saki, boris yakan bushe, ƙura ta taru a gefe guda na faifai ya fara rawa har ya ci kansa. Akwai ma wata matsala mai ɓoyewa. Bulowa mai layin wuta uku, idan aka juya wayoyi biyu wajen gyara ko wajen haɗa sabon janareto, sai ta riƙa juyawa da baya. Fankar silin idan ta juya da baya kowa zai ji. Ita kuwa wannan za ta ci gaba da fitar da iska ta bakin da ta saba, da ƙararta da komai, sai dai kaɗan daga abin da ya kamata, kuma ana iya wata da watanni ba wanda ya lura. Maganin shi ne kibiyar da ke jikin gidanta, wadda ke nuna inda ya kamata ta juya, a samu mai dubawa. Duk waɗannan gaskiya ne. Amma a lura da abin da ake buƙata: giris, bel, wanke matata, ido mai lura. Babu ɗaya da ya fi ƙarfin garin da makanikansa ke raya motocin da suka shekara talatin a kan hanya. Gidan bulowa aikin mai walda ne da mai lanƙwasa kwano, moton kuma masu naɗin waya suna gyara irinsa kullum. Abin da ba a yi da ido shi ne daidaita nauyin faifai da auna yawan iskar da ke fita, kuma a nan ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat da tsangayar injiniya ta Jami'ar Maiduguri suke da gurbi. Su koyar da masu sana'a auna iska, su zama wurin da za a kai bulowar da aka ƙera a gida a gwada ta a rubuta mata ƙarfinta. Ta asibiti, musamman ta ɗakin tiyata da ɗakin gwaji, a sayo mai takardar shaida. Ta gidan burodi da wurin niƙa kuwa babu dalilin da zai hana a ƙera ta a nan.

Akwai na huɗu, wanda ba ya ma ja, shi dai ya riga ya sa na'urar sanyaya ɗaki ya rufe tagogi ruf, yana ganin ya wuce wannan magana. Irin na'urar da ta cika ofisoshi da asibitocin kuɗi yanzu, mai kai ɗaya a ciki ɗaya a waje, ba ta shigo da iskar waje ko kaɗan. Ta ɗakin take sanyayawa ta maido. Ɗakin jiran likita mai sanyi, rufaffe, cike da masu tari, ya fi rumfar da ke ƙarƙashin bishiya hatsari, ko da yake ya fi ta kyan gani.

Abu guda da ake yawan mantawa ko an sa bulowar shi ne hanyar shigowa. Iskar da aka fitar dole wata ta maye gurbinta. Idan ɗaki a toshe yake, fankar za ta yi ta ja babu abin ja, ko kuma ta jawo ta inda ba a so, ta banɗaki ko ta ɗakin janareto. Kuma bakin fitar ya hau sama da rufi, kada mai gidan burodi ya tsira da ƙirjinsa ya juye hayaƙin a tagar maƙwabci.

Kirana ga hukumar tsara birane ta jihar Borno da ma'aikatun lafiya da ayyuka shi ne, duk zanen asibiti, kasuwa mai rufi, gidan burodi, injin niƙa ko ɗakin girki na makaranta da aka kawo neman izini, a nemi shafi guda da ya nuna inda iska ke shiga, inda take fita, da sau nawa take sauyawa a awa. Inda taga ta wadatar, a sa hannu. Inda ba ta wadatar ba, a rubuta bulowa da bututunta cikin kuɗin gini tun farko, tare da kuɗin kula da ita da sunan wanda zai kula. Ƙungiyoyin agaji da ke gina cibiyoyin lafiya a jihar nan su ma a riƙe su da wannan ma'auni. Kai kuma mai sauraro da ke shirin ɗora rufi a shagonka ko masana'antarka, kafin birkila ya rufe bango na ƙarshe, ka tambaye shi ta ina hayaƙi zai fita, kada ka karɓi amsar cewa za a sa fanka a silin.